Gadar Sama, Jirgin Ƙasa, Bas ko Adaidaita: Da Wanne Ya Kamata Kano Ta Fara?

Ƙwaryar birnin Kano, da ƙananan hukumominta takwas, ta haura mutum miliyan huɗu, kuma manyan kasuwanninta a dunƙule suke. Kwari, Singa, Sabon Gari da Ƙofar Wambai duk maƙwabtan juna ne. Shi ya sa da hantsi Titin Zariya, Titin Katsina, Titin Haɗeja, Titin Gwarzo da Titin Maiduguri suke juye jama'a wuri guda, da la'asar sakaliya kuma su kwashe su lokaci guda. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga farashin hukuma na ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Kuɗin abin hawa ya zama abin da ke hana wani fita nema, ya hana wata kai yaro asibiti.

Magungunan da ake kawowa biyar ne: ƙara gadoji da faɗaɗa tituna, jirgin ƙasa na cikin gari, manyan bas-bas masu layinsu na kansu, mayar da adaidaita sahu kan lantarki ko iskar gas, sai gyara hanyar masu tafiya a ƙasa da masu keke. Aljihun jiha ba zai ɗauki duka lokaci guda ba, kuma duk wanda aka fara da shi shi zai cinye kasafi da filin titi. Sanin na gaba da na baya shi ne aikin.

Da wane mudu za a auna

Akwai ra'ayin da ya taso a Turai tun shekarun 1970, ya ƙara ƙarfi bayan wani taro da aka yi a Faris a 2008, wanda ke cewa ba kowace haɓaka ce alheri ba. Masu wannan ra'ayi suna kira ga ƙasashe masu arziki su rage makamashi da albarkatun da suke lamushewa da gangan, a raba abin da ke akwai da adalci, a daina auna ci gaba da yawan siminti da yawan motoci. Ba talakan Afirka suke cewa ya rage ba, kuma babu mai hankalin da zai ce wa leburan da ke fitowa daga Bachirawa zirga-zirgarsa ta yi yawa. A Kano abin ragewa huɗu ne: nisan da dole sai mutum ya yi kafin ya kai ga buƙatarsa, man da ake ƙonawa a kan kowane fasinja, filin titin da motar mutum ɗaya ke mamayewa, da bashin dala da ake ciwowa. Abin ƙarawa kuma shi ne kujerun bas, inuwa, da wurin taka ƙafa.

Da wannan mudu, lissafi biyu ne za su yi mana jagora.

Na farko mai. Ƙaramar mota a cunkoson gari tana shan kimanin lita 10 a kilomita 100, kuma sau da yawa mutum ɗaya ko biyu ne a ciki, wato lita 5 zuwa 10 a kan kowane mutum. Adaidaita mai ƙaramin inji na kusan cc 200 tana yin kilomita 25 zuwa 30 da lita ɗaya, kusan lita 4 ke nan a kilomita 100. Da fasinja uku, kowanne ya tashi da lita ɗaya da 'yan kai. Babbar bas mai tsawon mita 12 tana shan dizal kusan lita 40 a wannan nisa. Da fasinja 60, kason kowa bai kai lita ɗaya ba. Da fasinja 10 kuwa, lita 4 ne, ta fi adaidaita ɓarna ninki uku. A riƙe wannan da kyau: bas ba ta fin ɗan sahu tsimin mai sai ta cika.

Na biyu fili. Bas ɗin nan tana ɗaukar mutum 80 a zaune da tsaye, a murabba'in mita 30. Adaidaita 20 ake buƙata su ɗauki wannan adadi, idan kowacce ta sa uku a baya ɗaya a gefen direba, kuma ko a tsaye cik suke sun ci kusan murabba'in mita 70, ban da ratar da ke tsakaninsu da kutsen neman fasinja. Motocin gida kuwa sai sama da 50, filin da ya haura murabba'in mita 400, sannan kowacce tana neman wurin fakin na mita biyu da rabi a mita biyar, ta wuni a kai. Ke nan laifin adaidaita a babban titi na fili ne, laifin motar gida kuma na fili ne da na mai gaba ɗaya.

Gadar sama da faɗaɗa titi

A nan Kano ta fi zuba kuɗi a shekaru goma sha da suka wuce: Ƙofar Nassarawa, doguwar gadar Sabon Gari, Dangi, Hotoro, gadojin ƙasa na Gadon Ƙaya da Kabuga, ga kuma Ɗan'agundi da Tal'udu da aka sa hannu daga baya. Amfaninsu a bayyane yake: mahaɗar da aka yi wa gada tana sakewa, kuma aiki ne da ido ke gani.

Amma a tsaya a gindin kowace gada da ƙarfe takwas na safe a duba. Sama motocin gida ne ke shararawa. Ƙasa kuwa a cushe yake, domin fasinja a ƙasa yake, ɗan sahu kuma inda fasinja yake nan zai bi. Matar da ta goyo yaro, ta riƙe wani a hannu, tana jiran ta tsallaka daidai inda motoci ke gangarowa da gudun da a da ba sa samun damar yi. Mai shagon da bangon gada ya tare masa ƙofa ya rasa masu tsayawa. Motocin da suka wuce ta sama kuma a shataletale na gaba za su taru, an gudu ba a tsira ba.

Akwai kuma abin da injiniyoyin sufuri suka daɗe da sani: sabon fili a titi yana haifar da sabuwar zirga-zirga. Wanda yake barin motarsa a gida saboda cunkoso sai ya fito da ita, wanda yake shakkar sayen fili a bayan gari sai ya saya. A birnin Hiyustan na Amurka an faɗaɗa babbar hanyar Katy da kusan dala biliyan 2.8, aka gama a 2008, wasu wuraren har layi 26. Tsakanin 2011 da 2014 lokacin tafiyar safe ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari, na yamma da kashi 55. Birnin Siyol na Koriya ta Kudu ya yi akasin haka: ya rushe wata babbar gadar sama a tsakiyar gari tsakanin 2003 da 2005, ya sake fasalin bas-bas ɗinsa da layuka a tsakiyar titi a 2004, kuma garin bai tsaya ba.

Gada tana da gurbinta: tsallake layin dogo, ko karkatar da tireloli da tankoki su daina ratsa tsakiyar gari. A matsayin maganin cunkoson fasinja kuwa, tsadarta ta fi amfaninta, kuma mafi yawan amfanin na masu mota ne, waɗanda su ne 'yan tsiraru.

Jirgin ƙasa na cikin gari

A 2016 gwamnatin Kano ta sa hannu a yarjejeniyar jirgin cikin gari ta kusan dala biliyan 1.85 da wani kamfanin Sin, kuma har yau maganar jirgi ba ta mutu ba. Jirgi yana ɗaukar jama'a da yawa, yana daɗewa, ba ya hayaƙi a unguwa idan na lantarki ne. Sai dai a duba yadda ta kaya a wuraren da suka riga mu.

Na Abuja ya ci kimanin dala miliyan 823 a kilomita kusan 45, aka buɗe shi a Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, bai dawo ba sai Mayun 2024. Babbar matsalarsa tashoshin sun yi nesa da inda jama'a suke kwana. Na Adis Ababa an buɗe shi a 2015 da dala miliyan 475 da jirage 41; cikin 'yan shekaru fiye da rabinsu suna ajiye saboda kayan gyaran da sai an nemo kuɗin waje a sayo. Layin farko na Legas, kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2, ya haura shekara goma ana gini kafin ya fara ɗaukar fasinja a Satumbar 2023.

Abin da ya fi kamata ya tsoratar da mu shi ne bashin. Da dala ake ranta, da naira fasinja ke biya. Dala ta tashi daga kusan naira 460 a Mayun 2023 zuwa kewayen 1,500 a 2024. Duk jihar da ta ci bashin jirgi kafin nan, nauyin ya ninka mata sau uku ba tare da an ƙara mata ko tarago ɗaya ba, kuma daga kuɗin makaranta da asibiti za a cike giɓin. Ko an ƙaddara kilomita ɗaya ta layin bas za ta ci dala miliyan 5, kuɗin waccan yarjejeniya zai shimfiɗa kilomita 370, wanda ya wuce buƙatar duk manyan titunan birnin nesa ba kusa ba.

Abin da ya dace a yi wa jirgi yanzu ba ya cin kuɗi sosai: a kare filin tsohon layin dogo da ya ratsa gari daga masu gini a kai. Legas a kan hanyar dogon da take da ita ta ɗora layinta na biyu, daga Agbado zuwa Oyingbo, a 2024. Filin da aka bari aka gine, diyyarsa kaɗai kan kashe aiki.

Bas mai layinta

Nan ne ya kamata a daɗe, domin nan ne amfanin ya fi yawa, nan ne kuma aka fi yin kuskure. Sayo bas daban, kafa tsarin bas daban. Gwamnatoci da dama sun sayo bas-bas, an yi bikin ƙaddamarwa, bayan shekara uku suna jibge a gareji taya a sace. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ga dalilin da ya sa layi ya fi motar kanta muhimmanci. A ɗauki hanya mai kilomita 15, kwatankwacin daga bakin gari zuwa kasuwa. Idan bas tana da layinta tana yin kilomita 20 a awa har da tsaye-tsaye, zuwa da dawowa minti 90 ne, a ƙara 10 na hutun direba, 100 ke nan. Don a samu bas duk bayan minti biyu, ana buƙatar 50 a kan hanya da kamar 5 na ko-ta-kwana. Wannan zai ɗauki mutum 2,400 a awa ta kowane ɓangare, ko kusan ninki biyu idan dogaye ne masu gaɓa. Idan kuwa aka sake ta cikin cunkoso tana yin kilomita 10 a awa, zagayen ya koma minti 190, sai an sami bas 95 kafin a yi aiki iri ɗaya. Direbobi sun ninka, mai ya ƙaru, fasinja kuma ya ga ɗan sahu ya fi ta sauri, ya sauka. Haka ta faru a Akra: an ƙaddamar da bas-bas na Aayalolo a 2016 ba tare da keɓantaccen layi a mafi yawan hanyar ba, zuwa 2018 aikin ya durƙushe.

Legas ta nuna ana iya yi da arha. Layinta na farko daga Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22, an buɗe shi a Maris 2008 da kusan dala miliyan 1.7 a kowace kilomita, kuma ba a jima ba ya kai fasinja kusan 200,000 a rana. Dakar ta yi na zamani mai lantarki a 2024, kilomita 18 da tashoshi 23, amma ya lashe ɗaruruwan miliyoyin daloli. Kano ba sai ta fara da irin na Dakar ba.

Layin ya zama a tsakiyar titi, faɗin mita 3.5 kowane ɓangare, a raba shi da sauran da dakalin kankare mai tsayin da taya ba za ta hau da sauƙi ba. Fenti kaɗai ba ya hana kowa. Layin gefe kuwa ba zai yi rai a Kano ba, domin gefen titi nan ne ake fakin, nan ake sauke buhuna, nan mai shayi da mai faci suke, nan ɗan sahu ke tsayawa. Kuma daga layukan da ke akwai za a yanka, ba rushe gidaje za a yi a ƙara sabo ba. Wannan shi ne ainihin adalcin: titin da kowa ya biya kuɗinsa a raba shi gwargwadon yawan mutane, ba yawan ƙarfe ba.

Tashoshi su kasance tsakanin mita 500 zuwa 800 da juna, da rumfa mai faɗi saboda zafin Afrilu, dandamalin kuma ya yi daidai da ƙasan motar, yadda tsoho da mai keken guragu za su shiga ba sai an cicciɓe su ba. A biya kafin shiga. Bas ɗin da ake karɓar kuɗi da neman canji a bakin ƙofarta takan ɓata minti ɗaya zuwa biyu a kowace tasha, wadda aka biya tun a waje kuwa daƙiƙa 20 zuwa 30 sun ishe ta. A hanya mai tasha 25, bambancin ya kai rabin awa. Daidai wurin tsayawa a zuba kankare, domin kwalta tana laushi da zafi, birkin mota mai nauyi kuma yana tura ta har ta yi kwari. A mahaɗa kuma a hana motoci yanke layin bas don juyawa, a ba bas fifiko a danja; mahaɗa ce ke cinye lokaci, ba miƙaƙƙen titi ba.

Gareji shi ne zuciyar aikin, kuma shi ake mantawa. Darussalam ta Tanzaniya ta buɗe layinta na kusan kilomita 21 a 2016, ya yi farin jini, amma an gina garejin a kwarin Jangwani, ambaliya ta riƙa shiga tana lalata motoci, ƙarancin bas kuma ya jawo turmutsitsi. Duk wanda ya san ruwan Agusta a Kano ya san sai an duba tudu da magudana kafin a zaɓi fili. A sayi motoci ƙirar kamfani ɗaya, a sa samar da kayan gyara na shekaru da horar da makanikai na gida a cikin kwangilar saye. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska da wuri, sai a gajarta lokacin canza ta fiye da abin da littafin kamfani ya ce. Bas tana yin shekara 10 zuwa 12. Idan ba a ware kuɗin maye gurbinta daga kuɗin shiga na kullum tun ranar farko ba, ranar da ta tsufa aikin ya mutu.

Sai yadda ake biyan mai gudanarwa. Idan da yawan fasinja ake biyansa, zai tsaya jiran mota ta cika, direbobi su riƙa tsere, ya guje wa hanyar da ba ta kawo kuɗi. Idan da kilomitar da ya yi a kan jadawali ake biyansa, ana cire masa tara idan ya makara ko motar ta fito da datti, to bas za ta tashi a kan lokaci ko da rabi ce. Kuɗin tikiti ya shiga asusu guda da hukuma ke kula da shi, ana wallafa lissafinsa.

Abu biyu da masu zane daga waje kan tsallake. Fasinjan Kano da kaya yake tafiya: dilar atamfa daga Kwari, katan daga Singa, kwandon tumatir daga 'Yankaba. Bas ɗin da ba ta da fili na kaya kusa da ƙofa ta kori 'yan kasuwa. Sannan mata. Idan ba a keɓe musu ƙofa da kujeru ba, ba a sa fitila a tasha ba, da yawansu ba za su shiga turereniya da maza ba, za su ci gaba da biyan shatar adaidaita mai tsada.

Game da kyauta: Talin ta Istoniya ta mayar da bas kyauta ga mazauna garin a 2013, fasinja sun ƙaru kaɗan, amma masu mota ba su ajiye motocinsu ba sosai. Inda kuɗi ya yi ƙaranci, gara farashi mai sauƙi da bas mai zuwa a kai a kai, da rangwame ga ɗalibai, tsofaffi da masu buƙata ta musamman, a kan kyautar da za ta ƙare cikin wata shida.

Adaidaita sahu

Zamanin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo, musamman don mata su samu abin hawa na mutunci. Da aka hana acaɓa a birni a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, sai ta zama ita ce ƙashin bayan sufurin Kano. Yajin aikin 'yan sahu na Fabrairun 2021 da na Janairun 2022 sun nuna haka ƙarara: ɗalibai da ma'aikata suka koma takawa, kasuwanni suka yi sanyi. A ƙarshen 2022 an sanar da hana su bin wasu manyan tituna, aka janye cikin kwanaki, domin babu abin da zai maye gurbinsu.

Ita ce ke shiga lungun da bas ba za ta taɓa shiga ba, kuma tsiminta na mai ya riga ya bayyana a lissafin sama. Gurbinta shi ne tafiyar kilomita biyu zuwa huɗu: daga Sheka ko Ɗorayi zuwa tashar bas, daga unguwa zuwa unguwa. Hakan na nufin a gina mata wurin tsayawa a jikin kowace babbar tasha, kuma kuɗin hawa biyun a haɗe kada ya wuce abin da mutum yake biya yau a hawa ɗaya, in ba haka ba talakan bayan gari ne zai ɗauki asarar gyaran.

Maganar da ba a son faɗa ita ce bas mai direba ɗaya tana yin aikin 'yan sahu 20. Yawancinsu matasa ne da ke fitowa da asuba da nauyin balas a kansu: sai ya haɗa kuɗin mai mashin, ya haɗa na mai, ya biya haraji, sannan abin da ya ragu ya zama na cefane. Tsarin da ya kwashe musu manyan tituna bai ba su komai ba zalunci ne, kuma ba zai ɗore ba. Akwai misalan da za a koya. Legas ta sa ƙungiyar direbobi ta kafa haɗakar da ta ci bashin banki ta sayi bas 100 na farko. A Johannasbag masu ƙananan bas sama da 300 sun miƙa motocinsu suka zama masu hannun jari a kamfanin da aka ba tafiyar da layin farko na tsarin bas ɗin birnin, Rea Vaya. A Kano dole a bambanta mai mashin da mai tuƙa shi: hannun jari zai je wa na farko, na biyun kuwa fifiko yake buƙata a aikin tuƙi, sayar da tikiti, gyara da tsaron tasha, tare da horo tun kafin a buɗe layi.

Mayar da ita lantarki yana da kyau ga huhun direba da aljihunsa. Adaidaitar lantarki tana cin kusan yunit 6 zuwa 8 na wuta a tafiyar kilomita 100, farantin sola mai kilowat ɗaya kuma yana ba da yunit 4 zuwa 5 a rana a yanayinmu, wato kilowat ɗaya da rabi zuwa biyu ga kowane mashin da ke yin kilomita 100 a rana. Batirin dalma mai arha ba ya jure zafi da caji na kullum, yakan gaji cikin shekara guda. Na litiyam ya fi daɗewa amma yana da tsada, shi ya sa tashar musayar batir ta fi dacewa da mai biyan balas. Iskar gas ta CNG kuwa ana matse ta da ƙarfi ƙwarai, kusan ninki 200 na matsin iskar da muke shaƙa, don haka tukunyar da aka yi wa walda a gareji bam ce. Irinta ce ta fashe a wani gidan mai a birnin Benin na jihar Edo a 2024. Amma duk wannan bai ƙara wa titi ko taku ɗaya ba. Idan tuƙi ya yi arha ba a ƙayyade adadin lasisi ba, mashinan ƙaruwa za su yi, cunkoson ya dawo ba hayaƙi.

Ƙafa da keke

Wannan ne mafi arha, kuma kowane fasinjan bas da ƙafa yake fara tafiyarsa. A rufe lambatu da silaf mai ƙarfi, a bar aƙalla mita biyu babu cikas, kusa da kasuwa mita uku zuwa huɗu. A shata wa masu tebur nasu gefen maimakon kora, domin korarsu ba ta taɓa ɗorewa ba, kuma zamansu yana sa hanya ta yi aminci da dare. A dasa darbejiya duk bayan mita shida zuwa takwas, da yarjejeniyar ban ruwa na rani biyu na farko, don a nan ne yawancin dashe ke mutuwa. Gadar masu tafiya tana sa mutum ya hau sama da mita biyar. Tsohuwa da mai tura baro ba za su hau ba. Mashigi a ƙasa mai ɗan tudu, da tsibirin tsayawa mai faɗin mita biyu a tsakiya, ya fi aiki. Gaban makarantu da kasuwanni gudu kada ya wuce kilomita 30 a awa: mafi yawan wanda mota ta buge a wannan gudu yana rayuwa, daga 50 zuwa sama kuwa haɗarin mutuwa yana ninkuwa.

Kano shimfiɗaɗɗiya ce, keke yana yin kilomita biyar cikin minti 20 zuwa 25, kuma layi mai faɗin mita biyu da dakali ya wadatar. Sai dai mata ƙalilan ne ke hawan keke a garin nan, don haka kada a lissafa shi a matsayin maganin kowa.

Tafiyar da ta fi kowacce arha ita ce wadda aka gajarta. Duk sabuwar unguwar da aka yanka ba makaranta, ba asibitin sha-ka-tafi, ba kasuwa, an ɗora wa mazaunanta kuɗin mota na har abada. Haka idan aka mayar da kasuwa bakin gari, kamar yadda aka yi da 'yan magani zuwa Dangwauro, hanyar bas ya kamata ta riga su isa.

Jerin da ya fi dacewa

A fara da ƙidaya, ba da kwangila ba. A sa masu ƙirga mutane, ba motoci ba, a wurare uku ko huɗu a kan kowane babban titi, daga ƙarfe shida zuwa goma na safe da uku zuwa takwas na yamma, a ranakun aiki da Juma'a da Asabar, a rani da damina. Titin da ya kai mutum 2,000 zuwa 3,000 a awa ta ɓangare ɗaya ya cancanci layin bas. Maganar jirgi sai an doshi 15,000 zuwa 20,000, layin bas ya cika ya batse.

Shekarar farko a gyara hanyar ƙafa da mashigai a kewayen kasuwanni da titin da ƙidaya ta zaɓa, a zauna da ƙungiyoyin 'yan sahu, a samo filin gareji. Sannan a buɗe layi ɗaya tak a tafiyar da shi da kyau kafin a taɓa na biyu. Kuɗin gudanarwa ya fito daga tikiti, da kuɗin fakin a kan titi a tsakiyar gari, da wani kaso na harajin da ake karɓa a hannun masu abin hawa, a killace shi da doka don kada ya narke a babban asusu. A horar da jami'an KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, kan tsare layin, kuma dokar ta hau kan ayarin manya kamar yadda ta hau kan ɗan sahu. Ranar da motar mai jiniya ta fara bi ta ciki, washegari kowa zai bi. Duk wata gada da aka riga aka tsara kuma a sake duba zanenta tun kafin a zuba kankare, a tabbatar ginshiƙanta sun bar mita bakwai a tsakiya inda bas za ta wuce.